Shekarar Ƙurajen Zulai

Akwai wata magana da ake yawo da ita a kaina a cikin dangi, kuma na san ta iso kunnuwanku. Ranar sunan jaririn ɗan'uwanku Habibu na ji wata jikata tana raɗa wa 'yar'uwarta cewa wai ni ce matar da ta fara zubar da kunya a gidan nan. Na ci gaba da tsince shinkafata. Amma da na koma ɗaki na ce gara in rubuta yadda abin ya faru tun hannuna yana iya riƙe biro, kada in mutu in bar ku da bakin masu ƙarin gishiri. E, na yi abin da aka ce na yi. Dalilin ne ba a gaya muku, kuma dalilin yana nan da ransa, da 'ya'yansa bakwai. Ita ce babbar yayarku, Zulai.

Zulai 'yar farina ce. Ku na yanzu kuna goya ɗan fari kuna yi masa rawa a gaban surukai, har da ɗaukar hoto. Mu a zamaninmu ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi a gabanki sai ki kau da kai ki jira wata ta ɗaga shi. Ranar da aka yaye Zulai, Iya, mahaifiyar babanku, ta ɗauke ta ta kai ɗakinta. Tsakanin ƙofata da ta Iya bai fi taku goma ba, amma shekara goma sha huɗu bakina bai taɓa furta sunan yarinyar nan ba. In zan aike ta sai in ce "ke", in maganarta ta taso in ce "'yar ɗakin Iya". Ita kuwa Abu take ce mini kai tsaye, yadda ta ji Iya tana kira. Kada ku ɗauka ba na sonta. Wanda aka hana magana, idonsa ne yake yi masa aiki. Ta wutsiyar ido na san ranar da ta yi famfara, na san tafiyarta in tana jin yunwa, na san yadda take cije leɓe in an ɓata mata rai. Ba na jin akwai uwar da ta haddace fuskar 'yarta kamar yadda na haddace tata.

Shekarun nan kuwa ba su zo da sauƙi ba. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, sannan tsada ta biyo baya. Sabulu ma sai an je birni an bi layi, man shafawa kuwa mun manta ƙamshinsa. Babanku ya tafi ci-rani Kano yana dako a kasuwa, sai ya yi wata guda bai leƙo ba. Gidan gaba ɗaya ya koma kan ƙuli-ƙuli. Ranar kasuwar Gezawa a sayo gyaɗa, mu soya, mu murje, a kai inji, a dawo da ita mu zuba a turmi muna juyawa da ruwan zafi har mai ya taso, mu matse tunkuza, mu murza, mu soya. Zulai ce a bakin kasko, ita ce kuma mai kai talla in ta taso daga makaranta. Iya tana da doka guda a kan aikin nan, kuma ba ita kaɗai ba, duk gidan da ake matsar mai a ƙauyenmu haka ake yi: ba a wanke hannun mai. Wanke shi almubazzaranci ne. In an gama sai a shafe shi a ƙafa, a damtse, a fuska. Kowa a gidan yana ƙyalli kamar sabuwar tasa, muna ganin mun yi dabara.

Da shigar bazara ƙuraje suka feso wa Zulai. Da farko a goshi, ƙanana kamar an watsa mata gero, sai suka gangaro kumatu da haɓa. Wasu masu baƙin kai, wasu masu farin baki, wasu kuma manya a can cikin fata, ba baki, sai zafi. Su lafa kwana biyar, su dawo da ƙannensu. Kowa ya zama likita. Maƙwabciyarmu ta ce ƙazuwa ce. Wata ta ce baki ne ya kama ta, don ta fi sa'o'inta karatu. Masu tsokana suka ce ai wani ne yake sonta a ɓoye. Iya kuwa ta ce mataccen jini ne yake neman hanyar fita. Kowace safiya sai ta zaunar da ita a tsakanin ƙafafunta, ta sa farcen manyan yatsunta ta matse su ɗaya bayan ɗaya, ta goge da lemon tsami da kanwa, sannan ta shafe da man gyaɗa don kada fata ta bushe. Ina jin shessheƙar yarinyar daga bakin murhu, ina tuƙa tuwo, hayaƙi yana rufa mini asiri.

Ni kuma idona yana aikinsa. Ƙazuwa na san ta, ta taɓa cinye mu a gidanmu: tsakanin yatsu take farawa, ta hana barci da ƙaiƙayi, ta bi gida kaf. Zulai tabarma ɗaya take kwana da Iya, mayafi ɗaya, Iya ko ɗigo ba ta samu ba. Ƙyasfi fari-fari yake yi, in an kankare ya yi gari. Ƙurajen zafi a wuya da gadon baya suke, ruwan sama na sauka su tafi. Waɗannan daban ne. Na lura kwana biyu bayan ranar matsar mai sai su ninka. Na lura suna tashi gab da al'adarta. Na lura duk wanda Iya ta matse sai ya bar baƙin tabo, wanda ya ɓuya a gefen kunne bai sha farce ba sai ya warke sumul. Duk wannan na sani, amma wa zan gaya wa? Suruka ba ta koya wa uwar miji reno, balle renon 'yar fari.

Sai Iya ta dawo daga kasuwa da wani ɗan man shafawa a bututu, wani mai koli ya ce mata daga ƙasar waje yake. Mako guda fuskar ta kwanta, har ta yi haske, Iya tana ta nuna wa mata. Da man ya ƙare, kafin a sayo wani, ƙurajen suka taso kamar an taɓa gidan rina. Aka sayo na biyu, aka sayo na uku, kowane dawowa ya fi na baya, fatar ta yi laushi ta yi ja, rana na taɓa ta sai ta yi raɗaɗi. Wata rana wata mata ta mayar wa Zulai da ƙulin da ta saya, ta ce ba ta cin abin hannun mai cuta. Tun daga ranar Zulai ta daina zuwa talla, ta daina zuwa makaranta. Yarinyar da malaminsu yake sawa ta ja wa aji baƙi ta koma ƙuryar ɗaki, ta ja mayafi har hanci, ko tsakar gida ba ta fitowa sai in babu baƙi.

Ranar wata Laraba da hantsi na ji sallamar Baba Wanzam a zaure. Shi ne wanzamin gidan tun kakanni, shi ya yi wa babanku aski ranar suna, shi ya yi wa kowannenku. Na ɗauka wucewa yake yi. Sai na ga Iya ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, mata biyu na maƙwabta sun shigo, shi kuma ya zauna ya kwance zabirarsa yana wasa aska. Aka fito da Zulai. Iya ta ce a yi mata tsaga uku-uku a kowane kunci, biyu a goshi, a kafa ƙaho a zuƙe mataccen jinin a huta. Matan nan suka riƙe mata kafaɗu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta cije leɓe, ta ɗago ido, ta tsallake kowa, ta dube ni. Ina riƙe da muciya, ban san lokacin da na yar da ita ba.

"Zulai! Tashi daga nan."

 Ni kaina sai da na ji sunan ya yi mini baƙo a baki. Ɗaya daga cikin matan ta saki kafaɗar ta kama haɓa.

Iya ta ce, "Abu, me kunnena ya ji?"

Na durƙusa, don ko a ranar ban tsaya a kanta ba. Na ce, "Iya, ki gafarce ni. Ba jini ba ne. Man da muke shafa mata ne, da matsar, da na bututun nan. In aka tsaga fuskar nan, ƙuraje za su wuce wata rana, tsagar ba za ta wuce ba. Kada garin neman gira mu rasa ido."

"Ke za ki gaya mini? Ni da na yaye ta, na goya ta, na yi jinyar ƙyandarta kina can kina sunne kai? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanzam, yi aikinka."

Allah ya jiƙan Baba Wanzam. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya goge askarsa a gefen riga ya mayar cikin zabira.

Ya ce, "Iya, ni na gaji aska, amma ban gaji sa ta a inda uwa ta ce a'a ba. Ku daidaita, in kun kira ni ina nan."

Yana fita Iya ta shiga ɗaki. Sai ga mayafin Zulai da 'yar jakar littattafanta da kwanon cin abincinta sun faɗo a ƙofata.

"Tunda kin san sunanta, sai ki san makwancinta."

Washegari na kama hannunta muka tafi Gezawa. Wannan ma karo na farko ke nan da na riƙe hannunta tun tana nono. Tafiyar ƙafa muka yi ta cikin gonaki har bakin titi. A ƙaramin asibiti muka samu wata malamar jinya, gajeriya, mai faɗa kamar barkono. Ta ɗaga haɓar Zulai ta juya ta wajen taga, ta tambaye ni yaushe suke tashi, yaushe suke lafawa. Na zazzage mata duk abin da idona ya tara. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Ke a ina kika yi aikin asibiti?"

Na ce, "A bakin murhu, Malama."

Ta yi dariya, ta ce abin da na gani haka yake. Ƙurajen balaga ne, ba a ɗauka, ba jini ba ne, ba baki ba ne. Fatar mai tasowa da kanta take fitar da maiƙo, mu kuma muna ƙara mata na gyaɗa muna toshe ƙofofin gashi. Da na nuna mata bututun, sai da ta yi salati. Ta ce wannan maganin wata cuta ce daban, yana danne ƙuraje ya cinye fata. Ta kafa mana sharuɗɗa: wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi, ba dirza ba, ba farce, ba kanwa, ba lemon tsami, mai kada ya ƙara hawa fuskar, mayafi da abin da take matashi da shi a riƙa wankewa. Ta rubuta wani magani na shafawa da na sha, ta ce mu saya a kemis. Sannan ta ɗaga mini yatsa.

"Ki ji da kyau. Da kun daina na bututun nan, fuskar za ta fi haka lalacewa kafin ta gyaru. Za a zage ki. In kika karaya kika koma masa, kin kashe aikin. Wata biyu, wata uku, kada ki sa ran komai kafin nan."

Babbar tasar jerena, wadda uwata ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan nan, ita ta tafi a kan maganin da sabulun. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Duk wanda ya tambaya sai in ce aro aka yi ba a dawo da ita ba.

Abin da malamar ta faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Mako biyu fuskar Zulai ta kumbura ta yi jawur. Iya ba ta yi mini magana, amma tana yi wa kaji. Ta watsa musu tsaba ta ce, "Ku ci, ku dai ba ku da asibiti." Ta daina cin girkina. In na kai mata tuwo sai in tarar da kwanon a bakin ƙofa yadda na rufe shi, ta gwammace ta dama fura ta kwana. A gidan biki mata suna ganina sai wata ta ɗaga murya ta kira sunan 'yar farinta cikin shaƙiyanci, a kwashe da dariya. Har gidanmu maganar ta kai, yayata ta aiko mini cewa na zubar musu da mutunci. Akwai safiyar da na tsaya da ragowar bututun a hannu, na san in na shafa mata, kwana uku za a daina zagina. Na je na jefa shi a masai don kada zuciyata ta ci amanata.

Na cire Zulai daga bakin kasko na mayar da ita murzar gyaɗa da fifita. Na ajiye ɗan kaskon toka da ruwa a gefen turmi, duk wanda ya gama matsa a ɗakina sai ya wanke hannu. Iya ta ce ga almubazzaranci ya shigo gida da ƙafarsa. Safe da yamma ni nake zuba wa Zulai ruwa tana wanke fuska, ni nake shafa mata maganin da ɗan yatsana, kaɗan-kaɗan. In na ga hannunta ya nufi kunci sai in buge shi. Muna yi ba ma haɗa ido, kunyar shekara goma sha huɗu ba ta fita rana ɗaya.

Da babanku ya dawo, Iya ta kai masa ƙara tun bai cire takalmi ba. Ya kira ni gabanta ya ce na ba shi kunya, in ba ta haƙuri. Na ba ta, don ta cancanta. Shi ma fa 'yar farinsa ce, bai taɓa kiran sunanta ba, bai ko dubi inda take ba. Amma ranar da zai koma Kano, bayan ya fita, na ɗaga tabarmata na tarar da sandar sabulu a naɗe cikin takarda. Na san layin da ya bi kafin ya same ta. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

A wata na biyu sababbi suka daina fitowa da yawa. A na uku, wajen tsakiyar damina, kumburin ya sace, sai tabo, shi ma yana dusashewa. Ba zan yi muku ƙarya in ce sun tafi gaba ɗaya ba. Sun yi ta leƙowa ɗaya-biyu har ta kusa ashirin, amma mun san su, sun san mu. Wata safiya ina shara na ga ta fito da jakar littattafanta, mayafi a kafaɗa, fuska a buɗe. Ta wuce ta gaban matan da suke ɗiban ruwa ba ta sunkuyar da kai ba. Na bi bayanta da kallo har ta sha kwana, kuma a ranar ban yi ta wutsiyar ido ba.

Iya ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kuma ban jira ba. Abin da ta yi shi ne, bayan kaka ta shigo da jikar ƙanwarta, ta tura ta gabana.

"Ke mai asibiti, duba mini wannan."

Na duba, na kankara da farce, ya yi gari. Na ce wannan ƙyasfi ne, maganinsa daban, a kai ta wajen malamar. A daren ranar kwanon Iya ya dawo wayam. Daga nan mata suka fara kawo mini 'ya'yansu, har waɗanda suka yi mini dariya a gidan biki. Ban taɓa ba kowa magani ba. Ina dubawa ne in ce wannan ku bar shi da sabulu da haƙuri, wannan kuma ku tafi asibiti yau. Gidajen matsar mai da yawa a ƙauyen nan sun ajiye toka da ruwa a gefen turmi, kuma ba wanda ya tuna daga ina abin ya fara. Ni na tuna.

Amma kada ku zagi Iya, ko a zuci. Duk abin da ta yi wa fuskar nan da so ta yi shi. Kuma Zulai ba ta koma ɗakinta da kwana ba, don ita Iya ba ta janye maganarta, ni kuma ban iya mayar da abin da na samu ba. Tsohuwar ta ƙarasa shekarunta ita kaɗai a kan tabarmar da suke kwana su biyu. Wannan yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kansa har yau. Na ceci fuskar 'yata, na raba tsohuwa da abokiyar hirarta, kuma in aka mayar da ni ranar Larabar nan, zan sake yar da muciyar.

Bara da Zulai ta zo jinyar ƙafata, tana shafa mini magani, na dubi kumatunta, sumul, sai 'yan layukan tsufa. Na ce mata ko tana tuna wahalar da ƙurajen nan suka ba ta. Ta ci gaba da murza mini idon sawu.

Ta ce, "Abu, ni fa ƙurajen ban cika tuna su ba. Abin da nake tunawa, ina zaune ina kallon aska, sai na ji an kira ni da wata murya da na sani, amma ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Da na san su za su sa ki kira ni, da tun ina 'yar shekara bakwai na roƙi Allah ya kawo su."

To, wannan ita ce kunyar da aka ce na zubar. Duk wadda ta sake raɗa muku maganar, ku ce ta je ta dubi fuskar Zulai, sannan ta zo ta same ni.